Mutumin Tudu da Lissafin Tsibirai

Bahaushe ba baƙon tafiya ba ne, sai dai kowace tafiya tasa tana da suna, kuma sunan ne ke ba ta mutunci. Akwai fatauci, wanda ya kai kakanni har Gwanja neman goro. Akwai ci-rani, wanda ke kwashe samari da zarar an kai amfanin gona rumbu. Akwai tafiya gabas neman karatu, akwai aikin hajji, wanda mutanen da kan shekara da shekaru a kan hanyarsa ta ƙasar Sudan, akwai kuma zumunci, wato biki da suna da gaisuwar rasuwa. Duk wanda ya ɗaure kayansa ya ambaci ɗaya daga cikin waɗannan, ba mai ƙara masa tambaya, sai dai a ce Allah ya kiyaye hanya. Tafiyar da har yanzu ba ta samu mazauni ba ita ce ta zuwa a gani kawai a dawo. Ƴan boko sun raɗa mata suna yawon buɗe ido, to amma kalmar yawo ta riga ta zubar mata da daraja, domin a bakin dattawan karkara yawo aikin wanda ya rasa abin yi ne.

Wannan ne ya sa da labari ya bazu a Sarkin Hausa, cikin gundumar Mayahi ta jahar Maraɗi, cewa tsohon daraktan lakwal yana shirin hawa jirgin sama don ya je ya ga tsibirai, mutane suka ɗauki abin da wasa. Garin na tudu ne, ƙasar rairayi da gero da wake, wadda ruwan da ta sani shi ne na rijiya da na tabkin damina. Kwarin Gulbin Kaba da ya ratsa ƙasar Mayahi da ta Tasawa sunan gulbi kawai ya riƙe, gorubarsa ta fi ruwansa yawa. Daga nan zuwa bakin teku, mota sai ta ci fiye da kilomita 1,000. Tsibirin da kowa ya sani a yankin kuwa shi ne Tsibirin Gobir, kusa da Maraɗi, garin da Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa a 1836, kuma shi ma da ƙafa ake shigarsa. Har wani abokin wasan daraktan ya ce masa in dai tsibiri yake so, kuɗin motar Maraɗi ya ishe shi.

Mutumin, wanda duk gari ke kira Mushe kamar yadda ake kiran malaman lakwal a Nijar, ya yi fiye da shekara 30 yana riƙe da alli. Kowace shekara darasin labarin ƙasa kan kawo shi ga kalmar tsibiri, shi kuma ya faɗa wa yara abin da littafi ya ce, wato yanki ne na ƙasa wanda ruwa ya kewaye ta kowace fuska. Don su fahimta, yakan fitar da su fili, ya tara ƙasa, ya haƙa ɗan rami kewaye da ita, ya tsiyaya ruwan buta. Kafin na baya su leƙo, rairayi ya shanye ruwan. Yara su haddace, su ci jarrabawa, su wuce. Cikinsu akwai waɗanda suka girma suka tafi ci-rani tafkin Chadi, suka kama kifi, suka yi banda, suka dawo suna ba shi labarin shanun Buduma masu manyan ƙahoni da ke iyo daga wannan tudu zuwa wancan. Wanda ya koyar da kalmar ya koma mai sauraro a gaban waɗanda suka taka abin da take nufi. Bai ji haushinsu ba, ya dai ga akwai bashi tsakaninsa da sana'arsa, kuma tun yana bakin aiki ya fara ajiye ɗan abin da ya samu da niyyar biyansa.

Da ya yi ritaya, sai ya sayi sabon kaye irin na ƴan lakwal, ya raba kowane shafi gida huɗu: ina za a je, ta wace hanya, da wace takarda, da nawa.

Da na gida ya fara, domin mai hankali ba ya tsallake na kusa ya hango na nesa. Tsibiran tafkin Chadi su ne na farko da ya rubuta, su ne kuma na farko da ya soke. Ranar 25 ga Afrilu 2015 mayaƙan Boko Haram suka auka wa tsibirin Karamga, suka kashe sojoji 46 da fararen hula 28, bayan haka hukuma ta umarci mutane su fice daga tsibiran, dubbai suka taka da ƙafa zuwa Ngigmi cikin zafin bazara. Tun daga lokacin wurin ya fita daga lissafin mai zuwa kallo. Sai ya juya yamma, ga kogin Isa, wanda wasu ke kira Kwara. A can akwai tsibirin Lete, da Nijar da Benin suka yi shekaru suna jayayya a kansa, har Kotun Duniya ta yanke hukunci ranar 12 ga Yuli 2005, ta ba Nijar tsibirai 16 cikin 25, har da shi Leten, ta bar wa Benin 9. Akwai kuma tsibiran Ayoru, inda a da baƙi kan zo kasuwar Lahadi su shiga kwale-kwale su kalli dorinar ruwa. Lete yana kan iyakar da aka rufe bayan juyin mulkin 2023, Ayoru kuma yana cikin jahar Tilaberi da rashin tsaro ya addaba. Mushe ya ja layi a kansu da hannu mai nauyi, domin abin takaici ne mutum ya tarar ƙasar waje ta fi masa sauƙin zuwa bisa wani yanki na ƙasarsa.

Wani tsohon ɗalibinsa da ke aiki a Yamai, da ya ji labari, sai ya shiga aiko masa da hotuna ta waya: farin yashi, shuɗin ruwa, itatuwan kwakwa. Ga Zanzibar, tsibiran kanumfari a gabar Tanzaniya, da ake zuwa daga Yamai da jirgin Ethiopian ta Adis Ababa. Ga Kap Ber, tsibirai 10 a tekun Atlantika, kimanin kilomita 570 yamma da Dakar. To, hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma hoto ba ya faɗin farashi. Da suka zauna lissafi, sai ga biza, ga canjin kuɗi, ga inshorar dalar Amurka 44 da Zanzibar ta wajabta wa baƙi tun Oktoban 2024. Kap Ber kuwa kuɗinta daban, harshenta daban, kuma daga wannan tsibiri zuwa wancan sai an sake hawa ƙaramin jirgin sama ko a yi sa'o'i a jirgin ruwa, kowane tsallake da nasa tikiti. A nan ya fahimci bambancin zagayen tsibirai da zagayen kasuwannin mako. A tudu, in mota ta wuce ka sai ka hau kabu-kabu ko amalanke. A ruwa, in jirgi ya tashi ya bar ka sai ka kwana, kuma kwanan da kuɗinsa.

Takarda da kuɗi ne suka fara karkato da shi zuwa Sanagal. Nijar ta fice daga ƙungiyar CEDEAO ranar 29 ga Janairu 2025 tare da Mali da Burkina Faso, amma ƙungiyar ta sanar a lokacin cewa ƴan ƙasashen uku za su ci gaba da shiga ƙasashenta ba tare da biza ba, har zuwa ranar da za a yanke wani abu daban. Wannan jela ta ƙarshe ce ta sa ya rubuta da jan biro cewa a sake tambaya mako guda kafin tafiya. Kuɗi kuwa ɗaya ne. Jikar da ake sayen goro da ita a kasuwar Mayahi ita ce ake biyan jirgin fito da ita a Dakar, babban bankin da ke fitar da ita ma a can cibiyarsa take. Faransancin da ya koyar zai yi masa aiki, masallaci ba zai yi masa wuyar samu ba, kuma ko a Dakar Bahaushe ba ya rasa ɗan'uwa, tunda naman da Hausawan Nijar ke gasawa a unguwannin birnin ya yi suna har mutanen gari na kiransa dibi Hausa.

Sai dai dalilin da ya fi waɗannan nauyi a zuciyarsa yana kan wani ɗan tsibiri da tsawonsa bai kai kilomita guda ba. Duniya ta san Gore da Gidan Bayi mai ƙofa ta fuskar teku, kuma saboda wannan tarihi ne UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1978. Malamin lakwal na Nijar yana da wata alaƙa ta biyu da shi. Daga 1913 har zuwa ƙarshen shekarun 1930, a Gore makarantar William Ponty take, inda Faransa ke horar da malamai da akawuna na dukan ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannunta. A can Bubu Hama ya yi karatu, ya fito a 1929 a matsayin ɗan Nijar na farko da ya samu takardar malanta daga makarantar. A can Jori Hamani ya bi sahunsa, ya dawo ya riƙe alli kafin ya riƙe ƙasa a 1960. Yaran ƙasar da ba ta da teku ne su ma, aka kwaso su aka ajiye a tsakiyar ruwa, aka koya musu abin da za su koya wa na baya, har silsilar ta iso kan allon Sarkin Hausa. Mushe ya san makarantar ta ƴan mulkin mallaka ce, don biyan bukatarsu aka kafa ta, kuma tafiyar ƴan mintoci ce tsakaninta da ɗakunan bayi. Yana so ya tsaya tsakanin gine-ginen biyu, ya ga inda sana'arsa ta samo tushe, da daɗinta da ɗacinta.

Wanda ya fi kowa tsayawa a kan maganar shi ne wansa, mai riƙe da gandun gidan. Ya kira shi bayan sallar isha'i ya ce: "Ƙanena, ban hana ka dukiyarka ba, guminka ne. Amma mutum bai sauke farali ba, ga ɗiya ta isa aure, ga ɗaki na jiran kwano, a ce ya kwashi kuɗi ya tafi kallon ruwa? Me zan faɗa wa mutane?"

Mushe ya ce: "Yaya, kujerar hajji ta haura miliyan 3, abin da ke hannuna ko rabinta bai kai ba. Na auren yarinya na ware shi, yana inda ka sani. Na gaya wa yaran garin nan abubuwa da yawa da ban taɓa gani ba. Ina so in ga guda ɗaya kafin ido ya gaza."

Wan ya daɗe shiru, sa'an nan ya ce a bar maganar sai an ga abin da damina ta yi.

Ba za a ce wan ya fita hanya ba. A ƙasar da fari na shekara ɗaya ke iya share ajiyar shekara biyar, kuma mutanen Maraɗi ba su manta da yunwar 2005 ba, kuɗin da ke hannun mutum ɗaya garkuwar dangi ne gaba ɗaya. Albashin malami ya sha sayen hatsi ga gidajen da ba nasa ba, kuma shi kansa albashin dangi ne suka ɗauke masa noma yana yaro har ya kai ga samunsa. Saboda haka sharaɗin da aka gindaya ya dace da hankali, Mushe kuwa ya karɓe shi ba gardama: in rumbuna sun cika a tafi, in ba su cika ba kuɗin tsibirai ya koma buhunan gero.

Uwargidansa ce ta ba tafiyar sunan da ta rasa. Ita ba ruwanta da teku, tsoronsa ma take ji, amma da ta ji an ambaci Sanagal sai ta ce: "Malam, ashe ƙasar Shehu za ka? To, ba ka tafiya ka bar ni." Ƴar gidan Tijjaniyya ce, ta girma tana jin sunan Kaulaha, garin Shehu Ibrahim Inyas, wanda ya rayu daga 1900 zuwa 1975, inda Hausawan Nijar da na Najeriya ke tururuwa kowace shekara lokacin Maulidi. Da ya shimfiɗa taswira sai ga shi Kaulaha a bakin kogin Salum take, kuma kogin nan, kafin ya shiga teku, ya rarrabu rassa barkatai, da tsibirai fiye da 200 a tsakaninsu. Masu ziyara da yawa kan je su dawo ba su san tafiyar ƴan sa'o'i ce tsakaninsu da wurin ba. Daga ranar, in an tambaye ta sai ta ce ziyara za su, in an tambaye shi sai ya ce haka ne, da ɗan abin da ya biyo baya. Kuɗin tafiya ya ninka, amma bakin mutane ya mutu.

Sai batun hanya. Ta ƙasa, motar safa na bi ta Wagadugu da Bamako da Kayes, kwanaki a zaune, ta yankunan da masu ɗauke da makamai ke tare hanya. Ga dattijo da iyalinsa wannan ba abin gwadawa ba ne. Saura jirgin sama. Tsofaffin ma'aikata na tunawa da Air Afrique, wanda ke haɗa manyan biranen ƙasashen renon Faransa kafin ya durƙushe a 2002. Hanyoyin da ɗalibin ya samo musu duk sai an yada zango, ko ASKY ta Lome, ko Air Côte d'Ivoire ta Abijan, wato a fara yin kudu kafin a yi yamma. Mushe ya koyi abubuwan da ba a koyarwa a lakwal: farashin kujera ɗaya na sauyawa daga mako zuwa mako kamar na wake, tikiti mai araha shi ne wanda ba a sauya masa rana sai da tara, kuma zangon sa'a guda ya fi na sa'a biyar haɗari, domin in jirgin farko ya makara na biyu ba ya jira. Ya kuma lissafa tafiyar da ke gaban tafiya: daga gida zuwa Maraɗi, daga Maraɗi kimanin kilomita 660 zuwa Yamai, yini guda cur, da kwana biyu a can don kada lalacewar mota ta sa a rasa jirgi. Filin da za su tashi daga cikinsa sunan Jori Hamani gare shi. Wanda za su sauka, na Blaise Diagne da aka buɗe a 2017, yana da nisan kusan kilomita 50 daga Dakar, wannan ma da nasa kuɗin mota. Fasfo biyu da katin rigakafin zazzaɓin shawara biyu duk suka shiga shafi.

Zaɓen wata ya nuna masa wani abu da ya shafi dukan abokan sana'arsa. Malamin da ke bakin aiki babban hutunsa na faɗowa daga Yuli zuwa Satumba, daidai lokacin da gona ke bukatarsa, daidai kuma lokacin da ruwa ke zuba a Sanagal, sauro ya yawaita, teku ya ƙara fushi. Mai ritaya ne ke da watannin da suka dace, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, bayan an ɗaure dammunan gero, iska ta yi sanyi. Maulidi kuwa a ƴan shekarun nan cikin damina yake faɗowa, kuma a lokacinsa masauki a Kaulaha sai mai rabo. Suka tsai da Janairu, kafin azumi, sa'ad da farashin wake ya ɗan ɗaga.

Tsarin da ya fito daga ƙarshe na kwana 12 ne. Kwana biyu a Dakar, yini guda a Gore, wanda jirgin fito ke kai mutum cikin minti 20, tsibirin da mota ba ta yawo a cikinsa. Daga nan kudu zuwa Jowal, mahaifar shugaba Senghor, a taka doguwar gadar katako a shiga Fajut, tsibirin da ƙasarsa duk ƙumbar teku ce da ta taru shekaru aru-aru, har tana ƙara a ƙarƙashin takalmi. Abu biyu ya ja wa layi a nan. Na ɗaya maƙabartar garin, inda Kirista da Musulmi ke kwance a tudu guda. Na biyu rumbunan gero da mutanen suka kafa bisa turaku a cikin ruwa don tsare su daga gobara da ɓera. Manomin geron da ya ji an ce rumbu a tsakiyar ruwa, dole ya so ya gani. Mutanen yankin, wato Serer, gero suke nomawa, kuma suna barin gawo a gonakinsu kamar yadda manoman Maraɗi ke yi, saboda su ma sun san abin da ganyensa ke yi wa ƙasa.

Bayan Fajut sai Ndangan, inda ake shiga kwale-kwale zuwa tsibirin Mar Loj, a kwana biyu. Sai Kaulaha kwana uku, a yi Juma'a a masallacin Madina Baye, uwargida ta cika burinta. Sai Tubakuta, a sake shiga ruwa zuwa Jorom Bumag, tudun ƙumba da kukoki suka tsiro a kansa. Irin waɗannan tuddai 218 aka ƙidaya a yankin, mutane ne suka tara su da hannu, wasu ma maƙabartu ne, kuma suna cikin dalilan da suka sa UNESCO ta karɓi mashigar Salum a 2011. A gefen kowane suna Mushe ya rubuta aikin da zai yi a wurin. Ya ɗanɗana ruwan ya tabbatar da gishirinsa. Ya auna da agogo tsawon lokacin da teku ke ɗauka yana cikowa da janyewa. Ya tambayi matan da ke tsintar ƙumba yadda suke sanin ranar fita. Ya taɓa itatuwan nan da ke tsaye cikin ruwan gishiri da saiwoyinsu a waje. Ya shiga lakwal ɗin tsibiri ya ji yadda malaminsu ke bayyana wa yara kalmar hamada.

Wani malami ɗan Sanagal da aka haɗa su ta waya ya ja masa kunne cewa a rassan Salum ruwa ne ke tada kwale-kwale, agogo biye yake. Sau biyu a yini teku na cikowa ya janye, yana bin tafiyar wata, kuma in ya janye wasu mashigai sai laka. Daraktan da ya saba da ƙararrawa da jadawali bai so jin haka ba, amma manomin da ke cikinsa ya gane nan take, domin ba wanda ke sa wa shuka rana kafin hadari ya haɗu. Ya ƙara rana ta 13, ya bar shafinta fari.

Akwai sunan da ya rubuta da fensir tun farko. Karaban yana bakin kogin Kazamas, ana isa gare shi da babban jirgin ruwa da ke tashi daga Dakar da yamma ya kwana a teku. Uwargida ta ji labarin Joola a rediyo shekarun baya, ba ta kuma manta ba: jirgin da ya kife a wannan hanya daren 26 ga Satumba 2002, ɗauke da fiye da ninki uku na mutanen da aka ƙera shi dominsu, mutum 1,863 suka rasu bisa ƙidayar hukuma, 64 kacal suka tsira. Ya yi mata bayani cewa jirgin da aka sa a hanyar tun 2008, Aline Sitoé Diatta, ba a shigarsa sai da tikiti mai suna da takardar shaida. Ta ce: "Malam, na ji. Rigar nan mai hana nitsewa zan sa in shiga ƙaramin jirgi, ina hangen gaɓa. Amma in kwana inda ba tudu, wannan ka yafe mini." Ya goge Karaban. Ya goge San Luwi ma, tsohon babban birnin da ke kan tsibiri a arewa, duk da cewa a can makarantar malaman ta fara a 1903, domin kimanin kilomita 260 ne daga Dakar, ta wata fuska daban. Tsibirai huɗu suka rage. Rabin shirin tafiya gogewa ne, kuma wanda ya ƙi gogewa a gida zai goge a hanya, bayan kuɗi sun ƙare.

Kuɗin jirgi ya cinye fiye da rabin abin da ke hannu. Sauran ya kasa shi cikin ambulan biyar: masauki, abinci, mota da kwale-kwale, tsaraba, da wani kaso da ba a taɓawa sai ciwo ko ɓatan jirgi. Tsaraba ba ta cikin littattafan da Turawa ke rubuta wa masu zagayen duniya, amma wanda zai dawo Sarkin Hausa hannu rabbana gara ma bai je ba. Uwargida ta ɗauki nauyin guzuri, kilishi da ƙuli-ƙuli da yaji da garin kunu, domin ba ta da tabbacin cikinta zai karɓi shinkafa da kifin teku har kwana 13.

Damina ta zo da sauƙi a gonakin gidan. Wan da kansa ya zagaya rumbuna, ya dawo ya ce: "To, ƙanena, sai ka shirya. In ka je ka ɗebo mini ruwan nan a kwalba, in ji ko da gaske gishiri ne." Aka sayar da wake, aka tura wa ɗalibin kuɗi Yamai, ya sayi tikiti biyu.

Abin da ya kamata ƙungiyoyin malamai da na raya al'adu su duba a nan shi ne yadda mutum guda ya jira fiye da shekara 30 kafin ya samu damar ganin abu ɗaya daga cikin abubuwan da ya koyar, kuma damar ta zo masa bayan ya ajiye alli, lokacin da ba sauran ajin da zai amfana. Ana cewa gani ya kori ji, amma makarantun karkara a kan ji kaɗai suke tsaye, malami ya ji daga littafi, yaro ya ji daga malami. Ƙungiyoyin da ke iya haɗa adashe don suna da biki suna iya haɗa shi don kowace shekara mutum ɗaya ya je ya gano wani abu, ya dawo ya tsaya gaban ƴan'uwansa ya ba da bayani. Ba lallai sai Sanagal ba. Rijiyar Kusugu na Daura, dutsen Dala na Kano, gidan tarihi na Bubu Hama na Yamai, dukansu sun fi Gore kusa da arha, kuma dukansu suna cikin darussan da ake bayarwa da ka.

Kayen Mushe ya fara zagaya hannuwa tun kafin ranar tashi. Wata matashiyar malama da aka turo garin daga Tasawa ta are shi kwana biyu, ta dawo da shi da godiya. A nata kayen ta ja layuka huɗun nan, a gidan farko kuma ta rubuta kogin Isa, domin ita ma shekara uku ke nan tana zana shi a allo.